Yadda za ka kwaso rubutun mutane daga soshiyal midiya don bincike

Ɗalibanmu na Birnin Kebbi da Aliero da Gusau da yawa suna son yin firojek a kan abin da jama'a ke faɗa a soshiyal midiya, misali tsadar taki ko farashin shinkafa, amma sai ka tarar mutum ya zauna yana kwafe kwament ɗaya bayan ɗaya da hannu yana zubawa a Excel har dare ya raba. Wallahi wahala ce da ba ta da dalili, kwamfuta za ta yi maka wannan aikin cikin mintuna in ka san ƙofar da za ka bi. Ƙofar ita ce API, wato hanyar da kamfanin da kansa ya buɗe don shirin kwamfuta ya nemi bayanai ya ba shi.

Amma fa ba kowace ƙofa ce a buɗe ba. Twitter da ake ce wa X yanzu ya daina bayar da tasa kyauta tun 2023, sai ka biya da dala. Facebook kuma tun badaƙalar Cambridge Analytica ta 2018 ya ƙara matse hannu, CrowdTangle ma, manhajar bibiyar abin da ake wallafawa a Facebook da 'yan jarida suka dogara da ita, an rufe ta a Agustan 2024, abin da ya maye gurbinta Meta Content Library ne, shi kuma sai ka nemi izini ta hannun jami'a ko cibiyar bincike. Don haka ni shawarata ka fara da YouTube, Hausawa na zuba kwament sosai a ƙarƙashin labarai da wa'azi da hirarraki, kuma ba za ka biya ko sisi ba.

Ka shiga Google Cloud Console da Gmail ɗinka, ka buɗe sabon firojek, ka kunna YouTube Data API v3, ka karɓi makullinka. Makullin nan sirrinka ne, kar ka tura shi a guruf. Sai ka buɗe Google Colab, inda za ka rubuta shirinka da yaren kwamfuta na Python, a burauza yake aiki ba sai ka saka Python a laftof ba, kuma ka haɗa shi da Google Drive ka riƙa adanawa can don ko an ɗauke wuta ko data ta ƙare ba ka yi asara ba. Umarnin da kake buƙata shi ne commentThreads.list, ka ba shi lambar bidiyo, wato haruffan da ke bayan v= a adireshin, ka sa maxResults ya zama 100, duk amsar da ta dawo da nextPageToken, wato alamar shafi na gaba, ka sake tura shi har sai ya daina fitowa. Kullum YouTube na ba ka maki 10,000 da ake cirewa a ciki duk lokacin da ka nemi bayani, kwaso kwament shafi ɗaya maki 1 ne kacal, amma neman bidiyo da search.list maki 100 yake ci, shi ya sa gara ka nemo bidiyoyin da kanka ka rubuta lambobinsu. In maki ya ƙare ka jira safiya, wajen ƙarfe 8 ko 9 agogonmu ake sabuntawa.

Telegram ma da sauƙi, ka karɓi api_id da api_hash a my.telegram.org ka yi amfani da Telethon, wato kayan aikin Python na haɗawa da Telegram, tashoshin da ke a buɗe ga kowa kawai, kuma kar ka yi gaggawa don za su dakatar da kai.

Inda aikin gaske yake shi ne bayan ka kwaso. Mutanenmu ba sa rubutu iri ɗaya, wani zai rubuta shinkafa wani shinkahwa, wani ƙasa wani kasa wani qasa, in ka nemi kalma da siffa ɗaya tak to ka zubar da maganar Kabawa da Zamfarawa da yawa ba ka sani ba, kuma su ne ka ce kana bincike a kansu. Ka zauna ka karanta kamar kwament 200 da idonka tukun, ka tara duk yadda ake rubuta kowace kalma. Wajen adanawa da pandas, kayan aikin Python na tsara bayanai a tebur, ka zaɓi tsarin haruffa na utf-8-sig, in ba haka ba Excel zai dagula maka ƙ da ɗ da ɓ. Ka cire maimaici da tallar 'yan kasuwa. Sannan ka kula da tarihi, an katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, an kuma rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, in ka ga rubutu ya yi ƙasa a lokutan nan ba wai mutane sun rasa abin faɗa ba ne.

Dan Allah batun sunayen mutane kar ka yi wasa da shi. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023, kuma ko ba doka, a yankinmu wanda ya yi magana kan 'yan bindiga a kwament fitar da sunansa na iya jefa shi da iyalinsa cikin hatsari. Ka goge suna da hoto da lambar waya tun ranar da ka kwaso, ka ba kowa lamba a madadin suna, in za ka kawo misali a rubutunka ka sauya kalmomin yadda ba za a gano mai shi ta hanyar nema ba. Guruf na WhatsApp da saƙon sirri kuwa ba naka ba ne, sai da yardar masu shi.