Yadda Ake Ɗora Eriyar FLARM a Jirgin Sama Mara Inji

Na'urar FLARM, wadda aka ƙirƙira a Suwizalan a 2004, tana gargaɗin matuƙi idan wani jirgi mai ɗauke da irin wannan na'urar ya nufo shi, ta hanyar musayar saƙon rediyo, amma amfaninta ya dogara ne ga inda aka ɗora eriyarta. A Turai tana aiki a kan mita 868 MHz da ƙarfi kaɗan ƙwarai, saboda haka ƙaramin abu ma yana iya tare saƙonta.

Ka fara duba abin da aka ƙera jirgin da shi. Saƙon rediyo yana ratsa zaren gilashi, amma zaren kabon da ƙarfe suna tare shi, haka kuma jikin matuƙin kansa yana shanye shi. Shi ya sa aka fi son saman allon na'urori, inda eriyar ke kallon gaba ta cikin murfin ɗakin matuƙi. Ka tsayar da ita cak, domin eriyar da ta kwanta ba ta jin sauran jiragen sosai, kuma ka tabbatar kanta bai taɓa murfin ba idan an rufe. Ka nisanta ta da eriyar GPS da wayoyi, kada kuma ka lanƙwasa kebul ɗinta.

Idan na'urarka PowerFLARM ce, wato samfurin FLARM da aka inganta, ka ɗora eriya ta biyu a ƙarƙashin jirgin domin ta gano wanda ke ƙasa da kai. A ganina wannan ya cancanci wahalarsa.

Bayan 'yan tafiye-tafiye, ka saka fayil ɗin IGC, wato bayanan tafiyar da na'urar ta naɗa, a manhajar auna nisan saƙo ta kamfanin FLARM, ka ga ɓangaren da saƙon ya yi rauni, sannan ka gyara wurin eriyar.