Yadda Ake Yanke Farashin Aiki a Ƙaramin Asibitin Kuɗi

Masu ƙananan asibitoci da yawa a Kaduna farashin maƙwabci suke kwafa. Amma hayar Barnawa ba ta Rigasa ba ce, kuma wa ya sani ko maƙwabcin ma asara yake tafkawa?

A fara da kuɗin da dole su fita ko kowa bai zo ba: haya, albashi, dizal, kuɗin wuta, sabunta lasisi, kwashe sharar asibiti. A ce sun kai naira miliyan 1.8 a wata, mutum 600 kuma ke zuwa. Kowanne na ɗauke da 3,000 ke nan tun ba a buɗe sirinji ba. Wajen ƙirga mutanen ake yin tuntuɓe. Wanda ya yi lissafi da Agusta da Satumba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika benci, zai sha mamaki da rani. A ɗauko rajistar wata 12 a fitar da matsakaici.

Sai abin da aikin kansa ke ci. Na'urar hoton ciki ta miliyan 6, idan za ta yi shekara 5, tana cin 100,000 duk wata. Hoto 200 a wata, 500 kowanne. Hoto 100 kuwa, 1,000. A ƙara man shafawa, takardar sakamako da ladan mai ɗauka. Kason na'urar a ware shi gefe, don ranar da na'urar ta mutu babu mai tausaya maka.

Magani kuma da farashin da za a sake saro shi ake sa masa kuɗi, ba da wanda aka saro shi ba. Tun cire tallafin fetur da faɗuwar naira a 2023, wanda ya riƙe tsohon rasit ya ga kantarsa na ramewa alhali ciniki na tafiya. A lissafa har da wanda ya lalace a kanta da bashin da ba zai dawo ba, domin akwai surukai, akwai 'yan unguwa.

Marasa lafiya masu inshorar NHIA (hukumar inshorar lafiya ta ƙasa) ko KADCHMA (ta jihar Kaduna) lissafinsu daban. A matakin farko na kula da lafiya kuɗi ƙayyadadde ake biyan asibiti kan kowane mai rajista duk wata, ya zo ko bai zo ba, don haka rajista kaɗan hatsari ce: masu hawan jini da ciwon suga goma sun isa su cinye rabon sauran. Manyan ayyuka kuma sai an karɓo lambar amincewa kafin a yi, in ba haka ba a ƙi biya.

A sake duba lissafin duk wata uku, a manna jerin farashin kusa da tagar yankar kati.