Yadda ake gane maƙerar da tsuba ta fito da kuma zamaninta

Tsuba ita ce faifan ƙarfen da ke tsakanin ƙotar takobin Japan da ruwansa, wanda ke tare hannun mai riƙo. Mu masu sayar da kayan tarihi a Arts Centre ta Accra, jefi-jefi takan faɗo mana cikin kayan gwanjo da ake saukewa a Tema, ko wani yaro ya sayo ta intanet ya kawo ya ce, "Alhaji, duba mini." Kusan kowa idonsa kan sunan maƙerin yake fara sauka. Ni sai na gama da ƙarfen nake waiwayar suna.

Abin farko, ƙira ce ko zubi? Wanda ya taɓa zama wurin masu zubin tagulla a Krofrom, kusa da Kumasi, ya san fatar zubi: 'yan ramuka kamar bakin allura, zane kuma duk ya dakushe. Ka fito da ita hasken rana, ka karkata ta, ka leƙa bangon hujojin. In ka ga siririn layi ya ratsa tsakiyar bangon, wurin da ɓari biyu na mazubi suka haɗu ke nan, ka ajiye ta kawai. Ka kuma duba babban ramin tsakiya inda gindin takobi ke shiga. A ta gaske sau da yawa akan cusa guntun jan ƙarfe sama da ƙasa don ta kama takobin, ana ce masa sekigane. A jabu za ka tarar an zuba shi tare da faifan, ƙarfe ɗaya ne, wani lokaci a shafa masa jan launi.

In ta tsallake wannan, sai kauri da baki. Na zamanin Muromachi, 1336 zuwa 1573, waɗanda ake dangantawa da maƙeran takobi, faffaɗa ne, sirara, kaurinsu milimita 2 zuwa 3, adonsu ɗan huji kaɗan ne mai siffar fure ko mazari. Na maƙeran sulke sun yi kama da su, sai dai an tayar musu da baki. Daga nan ka rufe ido ka zagaya bakin da babban yatsa. In ka ji 'yan ƙulle-ƙulle masu tauri sun ɗago daga jikin ƙarfen, santsi gare su ba kaushin tsatsa ba, to ka samu abin da ake kira tekkotsu, kuma hankalinka ya koma maƙerar Owari ko ta Kanayama. Na Kanayama ƙanana ne masu kauri, ƙullen ya fi yawa a jikinsu. Wallahi ba abin da nake so a hannu kamar waɗannan, ƙarfe ne zalla da ba a yi masa kwalliya ba amma ya ishi ido.

Hujin Kyoto siriri ne ƙwarai, mai tsari. Akasaka, maƙerar birnin Edo, takan nuna layin ninkin ƙarfe a baki, kamar an haɗa falle uku. Higo, ƙasar Kumamoto ta yau, gidaje huɗu ne suka yi suna ƙarƙashin sarakunan Hosokawa: Hayashi, Hirata, Nishigaki da Shimizu, kuma bambance su aikin shekaru ne. Baƙin ƙarfe wuluk da sassaƙar tsaunuka ko ganye, ka tuna maƙerar Choshu. Macijin dodo da aka sassaƙa ya naɗe cikin da'ira, maƙerar Kinai ta Echizen. Mayaƙa cikin sulke da ɗigon zinariya, maƙerar Soten ta Hikone.

A zamanin Edo, 1603 zuwa 1868, yaƙi ya kwanta, ado ya yawaita, aka ƙara amfani da shakudo, wato jan ƙarfe da ɗan zinariya wanda ke komawa baƙi mai shuɗi-shuɗi. A 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, maƙera da dama suka koma yi wa Turawa. Irin waɗannan za ka ga adon ya cika har ya hau filin da ke kewaye da ramin tsakiya, kuma babu alamar an taɓa ɗaura su a takobi.

Yanzu sai suna. Yawancin tsoffin ma ba su da shi. Sunayen shahararrun maƙera irin su Kaneie da Nobuie da Soten kuwa tun zamanin Edo ake satar su, saboda haka in ƙarfen bai yi daidai da sunan ba, ƙarfen za ka gaskata. Mai tsada ka nemi takardar NBTHK, ƙungiyar kiyaye takubba da aka kafa a Japan a 1948, ka gwada hoton da ke jikin takardar da abin da ke hannunka, huji bayan huji.

Don Allah kada ka goge ta da sanfefa ko lemun tsami kamar yadda wasu ke yi wa tagulla. Baƙin nan na jikinta shi ne shaidar shekarunta, shi ne kuma kuɗinta. Jar tsatsa ce kaɗai ake cirewa, a hankali, da ɗan guntun ƙashi ko ƙaho, sannan a murza da tsumman auduga. Nan bakin teku iskar gishiri ba ta barin ƙarfe, don haka ka ajiye ta cikin akwatin katako busasshe, ka riƙa fito da ita kana dubawa, musamman da damina.