Yadda Ake Farautar Walƙiya a Cikin Dusar Ƙanƙara da Tauraron Ɗan'adam

Ba kasafai ake yin walƙiya ana cikin zubar dusar ƙanƙara ba, kuma ko an yi, jin tsawar ma aiki ne. Dusar na shanye ƙarar, wanda ke nesa da 'yan kilomitoci sai a yi a gama bai sani ba. Shi ya sa idan zan neme ta, daga sama nake farawa.

Abin aikina na'urar GLM ce, kyamarar hango walƙiya wadda ke jikin taurarin ɗan'adam na GOES na hukumar NOAA mai kula da yanayi ta Amurka. GOES-16 ne ya fara tafiya da ita, a Nuwamban 2016. Daga nisan kilomita kusan 36,000 take ɗaukar hoto 500 a kowace daƙiƙa, kuma haske iri ɗaya tak take dubawa, mai tsawon zango nanomita 777.4, wanda iskar oksijin ke fitarwa idan walƙiya ta ratsa ta. Don haka dare da rana duk tana gani.

Ka fara da guguwar da aka riga aka san an yi tsawa a cikinta. Ni wadda ta binne yankin Buffalo a jihar New York tsakanin 17 da 20 ga Nuwamban 2022 nake ba mai koyo. Iska mai tsananin sanyi ce ta bi ta kan tafkin Erie, ruwansa bai gama hucewa ba, ta kwashi tururi ta juye wa wasu garuruwa dusar da ta kai mita biyu. Bayanan GLM kyauta ne a intanet, sai dai fayil ɗaya daƙiƙa 20 kawai yake ɗauka, awa guda fayil 180 ke nan, saboda haka kar ka ce za ka sauke na mako. A ciki an jera abin hawa uku: ɗigon haske, rukunin ɗigogi, sannan walƙiya sukutum. Na ukun za ka ɗora a taswira.

To, daga nan ainihin aikin yake farawa. Tauraro haske kawai ya gani a saman gajimare, bai san ko ruwa ake yi a ƙasa ko dusa ba. Kai ne za ka kawo shaida. Nemi rahotannin yanayi da ake kira METAR na filin jirgin sama mafi kusa. Idan ka ga an rubuta TSSN, wato tsawa haɗe da dusa, ka dace. Idan babu, duba ma'aunin zafi da hoton radar na wannan mintin. A kula da agogo: duk bayanan nan da lokacin UTC suke, wato agogon GMT, Buffalo kuwa a wancan watan tana baya da awa biyar.

Akwai tarkon da ke kama mutane da yawa. Tauraron yana saitin layin tsakiyar duniya (equator) ne, a karkace yake hango arewa, kuma lissafinsa ya ɗauka gajimaren dogo ne irin na hadarin damina. Na hunturu gajere ne, sai ka ga an ajiye walƙiyar kilomitoci daga inda ta faru. Kafin ka yarda da wuri, gwada shi da bayanan na'urorin gano walƙiya da ke ƙasa, irin na tsarin NLDN na Amurka. Ƙyallin rana a kan ruwa ma kan yi shigar walƙiya, don haka ɗigo guda da ya fito shi kaɗai da rana tsaka ba na ba shi amana.

Sai kuma abin da ya fi ba ni sha'awa. Ɗora taswirar dogayen hasumiyoyin sadarwa da injinan lantarki masu aiki da iska a kan taka. A gabashin tafkin Ontario, a tudun Tug Hill, walƙiyar hunturu da yawa daga kan irin waɗannan injina take tashi ta nufi sama, domin cajin gajimaren yana kusa da ƙasa. Idan ɗigoginka sun yi cincirindo a wuri ɗaya ba sa tafiya tare da guguwar, ƙarfe ne a tsaye a wurin. Ware su daban kafin ka fara ƙidaya, sannan ka rubuta faɗin kowace walƙiya da daɗewarta, ka kwatanta da yawan dusar da ta zuba a wannan awar.