Yadda Ake Tallafa wa Mata Bisa Tsarin Ƙungiyoyin Agaji na Yahudawan Amurka

Mai son bayar da gudummawa ta wannan hanya ya fara da batun tsaro, domin matar da ke kwana cikin fargabar duka ba ta da natsuwar koyon sana'a. Ƙungiyar Jewish Women International da ke birnin Washington tana yaƙi da cin zarafin mata a gidajen aure, har tana kafa ɗakunan karatu na yara a gidajen da matan ke samun mafaka, inda yaron da ya baro gida cikin dare zai tarar da littafi da wurin zama.

Daga nan sai a duba abin dogaro da kai. Malamin Yahudawa Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka matakai 8, ya ɗora rance ko aikin da zai raba mutum da roƙo a kan gaba. Kan wannan turba Hebrew Free Loan Society ta New York take bayar da rance marar ruwa tun 1892.

Kafin ka miƙa kuɗinka, nemi rahoton kuɗin ƙungiyar, ka kuma tambaya ko mata ne ke yanke shawarar rabon tallafin.