Yadda Ake Haɗa Hoton Gaban Gem Ya Tsayar da Mai Wucewa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Gujungu ranar Lahadi ya ga yadda mai tumatir ke kasa kayansa. Jajayen nan masu sheƙi su ne a sama, don ya san mai saye tafe yake yana waige, ba tsayawa zai yi ba. Haka shagon gem, wato wasan waya ko kwamfuta, yake a intanet, Google Play ne ko Steam ko itch.io. Hotuna ne jere rututu, mutum na jan su da babban yatsa, naka kuma bai fi faɗin yatsan ba. Ko wata takwas ka yi kana haɗa gem a tsohuwar kwamfuta da wutar sola, ɗan hoton nan ne zai fara yi maka magana.

Gem ɗina na farko na langa ne. Na cusa komai a hotonsa: yara shida, bishiyar kuka, rumbuna biyu, farin wata, ga dogon suna a ƙasa. A kwamfuta ya yi kyau ƙwarai. Na tura shi wayar wani yaro a shagon cajin garinmu, ƙaramar Itel mai tsagaggen gilashi, ya kusanto da ita fuskarsa ya ce, "Yaya, ƙwallo suke bugawa ko faɗa suke yi?" Abin ya tsaya mini a rai, domin aikin wata da watanni ne wanda na yi dominsa ya kasa ganewa. Ga hanyar da nake bi tun daga ranar.

Mataki na farko, kafin ka taɓa kwamfuta, ka faɗa wa kanka a jimla ɗaya abin da mai wasa yake yi a gem ɗin. Ba labarin nake nufi ba, aikin hannunsa. A langa, yaro ne riƙe da ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle zai ture abokin karawarsa. A dambe, dunƙulen nan ne da aka naɗe da zare. A dara, hannu ne riƙe da tsinke a kan ramuka, kuma ba sai ka nuna ramukan nan 30 duka ba, huɗu ko shida sun wadatar. Abin da ya fito a jimlar shi zai shiga hoto, sauran su jira hotunan cikin shafi.

Na biyu, leƙa maƙwabta. Buɗe shagon, nemo gem irin naka, ka ɗauki hoton fuskar wayar. Lura da launin da ya yi yawa a jerin, ka kauce masa.

Na uku, nan ne aikin yake, kuma nan yawancinmu ke gaggawa. Ɗauki takarda da biro ka zana akwatuna goma, kowanne bai fi kwalin ashana ba. A cikin kowanne ka zana abin nan guda ɗaya, baƙi ƙirin kamar inuwar mutum a jikin bango da almuru, babu ido babu hanci. In inuwar kaɗai ta nuna yaro ne a kan ƙafa ɗaya, ka samu. In ta zama dunƙule, to buɗe ta: ware hannu daga jiki, karkatar da ƙirji, bar fili tsakanin ƙafar da ke ƙasa da wadda aka riƙe. Masu zanen bayan manyan motoci sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa kake gane zaki ko gaggafa a bayan mota tun tana nesa cikin ƙura. Cika akwatin da jikin, kada ka ji tsoron yanke gwiwa ko gefen riga. In akwai fuska, ka matso da ita, don ido fuska yake fara nema. Daga cikin goman ka zaɓi biyu, su za ka kai kwamfuta. Manhajojin zane irin su Krita da GIMP da Inkscape duk kyauta ne, wanda kuma waya kawai gare shi ibis Paint za ta yi masa aiki.

Na huɗu, launi. Biyu ko uku sun isa. Abin da ya fi launin kansa muhimmanci shi ne tazarar haske da duhu tsakanin mutumin da bayansa. Mu nan jar ƙasa da ruwan ƙasa da ruwan toka ne suka kewaye mu, hannu yakan tafi gare su da kansa, sai hoto ya fito kamar safiyar hunturu da hazo ya rufe gari. Gwajin mai sauƙi ne: mayar da hoton fari da baƙi. In mutumin ya narke cikin bango, ƙara wa bangon duhu ko ka zagaye jikin da siririn haske. Ni shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata na sa a baya, yaron kuma na sa masa riga ruwan ɗorawa, nan take ya fito.

Na biyar, suna. A ɗan aikon na Google Play, wato ƙaramin hoton alamar gem ɗin, kada ka rubuta komai, sunan yana fitowa a gefensa. A Steam kuwa dole sunan ya karantu a jikin hoton, har a mafi ƙanƙanta. Zaɓi haruffa masu kauri, ka ɗora su a wuri mara hayaniya, ba a kan fuska ba. Akwai matsalar da ta shafe mu mu kaɗai: yawancin haruffan ado ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai ka ga ɗan akwati ya fito a gurbinsu, ko harafin ya bambanta da 'yan'uwansa. Salon haruffan Noto Sans da Andika suna da su. In ka nace sai wani salon, rubuta k ko d ka zana lanƙwasar da hannunka. Kada dai ka jefar da ita, mai karanta Hausa zai lura.

Na shida, awo da doka. Google Play na son aikon mai fiksel (ɗigon da ake auna hoto da shi) 512 tsawo da faɗi, da babban hoto 1024 a 500, kuma su ne ke zagaye kusurwoyin aikon, don haka kada ka sa muhimmin abu a lungu. A itch.io, 630 a 500 ake so. Steam ya fi yawan nema: na saman shafi 920 a 430, ƙarami 462 a 174, babba 1232 a 706, na tsaye 748 a 896. Kada ka ja hoto ɗaya ka miƙe shi ya cika duka, kowanne sake jera shi za ka yi. A ƙaramin nan sunan ne zai ci kusan duk filin. Tun Satumban 2022 kamfanin Valve, mai shagon Steam, ya hana rubuta lambar yabo ko makin masu sharhi ko ragin farashi a jikin waɗannan hotunan, Google ma ba ya yarda da rubutun "kyauta" ko "lamba ɗaya" a aikon. Kuma abin da babu shi a gem kada ya shiga hoto. Wanda ya kashe datarsa ya sauke don ya ga doki, ya shiga bai ga doki ba, tauraro ɗaya zai ba ka, kuma da gaskiyarsa.

Na bakwai, fita waje. Liƙa hotonka a tsakiyar hoton maƙwabtan nan da ka ɗauka, ka tura shi ƙaramar waya, ka tsaya a rana da azahar. Nuna wa mutum biyar da ba su san aikinka ba, daƙiƙa biyu kacal, ka kife wayar ka tambaya me suka gani. Kada ka ce "ya yi kyau?", kunya za ta sa su ce ya yi. Da na kai sabon nawa, wani dattijo mai gyaran keke na fara nuna wa. Na ce, "Baba, me ka gani?" Ya ce, "Langa mana, ɗana, wa ya sa ta a waya?" In uku cikin biyar suka ɓata, koma kan takarda, ba kan launi ba.

Idan ka gama, ajiye asalin fayil ɗin da mutumin da bangon da sunan kowanne a shimfiɗarsa daban, ka zana shi ya fi awon da ake nema girma, ka sa kwafi a filas, wani kuma a imel. A 2024 Valve ya ninka awon hotunan shagonsa, na sama ya tashi daga 460 a 215 ya koma 920 a 430, kuma wanda ƙaramin hoto kaɗai ya ajiye sai dai ya zauna ya sake zanawa.