Karanta Tsohuwar Taya Kafin Ka Sayi Sabuwa: Yadda Ake Zaɓen Tayar Motar Gudu da Magance Cin Gefe Ɗaya

Motar gudu da ke cin taya ta gefe ɗaya ba sabuwar taya take buƙata da farko ba. Abin da ke cin tayar ake fara nema, in ba haka ba sabuwar ma hanyar tsohuwar za ta bi. Shi ya sa ni daga tsohuwar nake farawa tun tana jikin motar, domin duk abin da ke damun ƙafar mota yana barin alama a kan roba.

Ka ajiye motar a wuri shimfiɗaɗɗe, ka murɗa sitiyari har ƙarshe don cikin tayar gaba ya fito fili. Na baya kuwa sai ka durƙusa da tocila, ko ka ɗaga motar da jak. Kada ka yi ƙyuyar wannan durƙuson. Motocin gudu a ƙasa suke, tayoyinsu masu faɗi ne, kuma yawanci daga ciki suke cinyewa. Za ka ga gefen waje da zanensa raɗau, ka leƙa ciki ka tarar wayar ƙarfen da ke cikin robar ta fara fitowa. Nemi ɗan ma'aunin zurfin zane, ka auna wuri uku a faɗin kowace taya: ciki, tsakiya da waje. Rubuta lambobin nan goma sha biyu a takarda, kowace taya da matsayinta. Sabuwar tayar gudu ta kan titi takan zo da zurfin milimita 7 zuwa 8. Ɗan tudun da ke kwance cikin kwarin zanen yana nuna milimita 1.6, wato iyakar da dokar Turai da Birtaniya ta yarda da ita. Ni ba na jira har can. Daga milimita 3 zuwa ƙasa taya mai faɗi ba ta iya fitar da ruwa da sauri, sai ta hau kansa, ka ji sitiyari ya yi sakayau a hannunka.

Idan tsakiya ce ta fi cinyewa, iska ta yi yawa. Idan gefuna biyu ne suka cinye tsakiya tana nan, iska ta yi kaɗan, kuma wannan ya fi haɗari saboda tayar tana lanƙwasa tana ɗaukar zafi. Idan ka shafa hannu a zagayen tayar ka ji tudu da kwari a jere, tare da gunji da ke ƙaruwa da gudu, ka zargi shoka da ta mutu ko balansin da ya tafi: tayar tsalle take yi maimakon ta kwanta a kwalta. Wuri guda da ya yi sanƙo kuwa birki ne ya taɓa kulle ƙafar aka ja ta. Gefen waje na tayoyin gaba kaɗai, musamman kafaɗar da ta yi kamar an goge ta, alamar mai shan kwana da ƙarfi ce a motar da saitinta na tafiyar yau da kullum ne.

Wanda ya fi yawa, kuma ya fi ruɗa mutane, shi ne cin gefen ciki. A nan zan ɗan daɗe.

Abubuwa biyu ne ke haɗuwa. Na farko kamba, wato karkatar saman taya zuwa cikin mota idan ka tsaya a gabanta kana kallo. Da gangan ake yi wa motocin gudu haka, sau da yawa digiri ɗaya zuwa biyu a baya, don idan motar ta jingina a kwana tayar waje ta kwanta da dukkan faɗinta. Na biyu saitin baki, wato ko gaban tayoyin biyu ya tsuke yana kallon juna ko ya buɗe yana kallon waje. A takardar da injin alaimen, wato injin daidaita saitin ƙafafun mota, ke fitarwa za ka gan shi a layin da aka rubuta toe. Yawancin mutane da sun ga ciki ya cinye sai su ɗora wa kamba laifi, domin ita ido ke gani. Amma ita kamba zaɓar wurin da zai cinye kawai take yi. Saitin baki ne ke yin cin. Yi lissafin da kanka: taya da bakinta ya kauce da digiri 0.2 kacal, a kowace kilomita ana jan ta a kaikaice kusan mita uku da rabi. A kilomita 10,000 an goga ta a kan kwalta kilomita 35 kamar ana jan magogi a kan takarda. Idan kamba ta riga ta tara nauyi a gefen ciki, duk wannan gugar can za ta ƙare.

Gane shi ba wuya. Shafa tafin hannunka a faɗin tayar daga waje zuwa ciki, sannan ka dawo. Idan ta ɓangare ɗaya sumul ne, ta ɗayan kuma bakin zanen yana kama fata kamar haƙoran zarto, saitin baki ne. Idan cin sumul ne, yana gangarawa a hankali daga waje zuwa ciki, kamba ce ta fi yawa a ciki. Ka yi hattara da waya idan tayar ta yi nisa, tana yanka hannu.

Gyara yana da tsari, kuma tsallake mataki asarar kuɗi ne. Fara da iska. Adadin da ya dace yana jikin takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ko a murfin tanki, kuma sau da yawa na gaba daban, na baya daban. Lambar da ke rubuce a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna tayar tana sanyi, kafin a yi tafiya, saboda iskar ciki tana hawa da kusan 0.1 a ma'aunin iska na bar a duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Selshiyas. Ka mallaki geji naka mai kyau, ka riƙa amfani da shi shi kaɗai, don geji biyu ba safai suke faɗin abu ɗaya ba.

Daga nan sai ƙafar motar. A ɗaga ta, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan a kama hagu da dama a sake girgizawa. Motsi sama da ƙasa yakan nuna bol joyin ko boris, motsi hagu da dama yakan nuna tayarod. A sa ƙarfe a ɗan banƙara bushin na hannayen ƙafa a ga ko robarsu ta tsage. A duba jikin shoka ko yana zubar da mai. Dalilin da ya sa wannan ke zuwa kafin alaimen shi ne: a kan injin motar tsaye take, lambobi za su fito kore tas, wato alamar saiti ya yi daidai, amma da ka taka birki ko ka ba ta wuta, bushin da ya mutu zai bar ƙafar ta goce, saitin da aka yi ya tashi a banza. Bakaniken da ya ɗora motarka a injin bai taɓa ƙafarta da hannu ba, ban yarda da aikinsa ba.

Sai alaimen, na ƙafa huɗu, ba na gaba kawai ba. Nemi a buga maka takardar kafin da ta bayan gyara. Kada ka gamsu da cewa komai ya shiga kore, domin tazarar da kamfani ya yarda da ita tana da faɗi. Ƙafar hagu na iya zama a wannan ƙarshen, ta dama a wancan, duka biyun kore, motar kuma tana ja gefe. Ce musu hagu da dama su zama daidai da juna. Ga motar da yawancin tafiyarta miƙaƙƙiyar hanya ce, ni nakan sa a kawo bakin gaba kusa da sifili cikin iyakar kamfani, a bar ɗan tsukewa a baya. Wannan tsukewar ta baya kada a cire ta gaba ɗaya don tsimin taya: ita ke riƙe bayan mota idan ka taka birki cikin gudu ko ka ba ta wuta a fitar kwana, kuma bayan da ya buɗe baki yana iya juyo maka ba zato. Idan an sauke motar ƙasa da gajerun sifirin, ka sani kamba ta ƙaru kuma baki ya motsa, dole a sake saiti, wani lokaci har sai an sa hannun ƙafa mai daidaituwa kafin a iya dawo da ita. Haka ma bayan ka daki rami ko gefen titi da ƙarfi.

Tayar da ta riga ta cinye a karkace ba ta dawowa. Alaimen hana ci gaba kawai yake yi. Idan cikin ya kusa kai wa tudun nan na 1.6, ko waya ta leƙo, ta gama aiki komai kyan wajenta.

Yanzu zaɓen sabuwa. Ɗauki misalin 245/40 R18 97Y. Faɗinta milimita 245, tsayin gefenta kashi 40 cikin ɗari na faɗin, wato milimita 98, kuma tana hawa rim mai inci 18. Lamba 97 na nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 730, harafin Y kuma yana nufin ta jure gudun kilomita 300 a awa. W na 270 ne, V na 240. Kada ka sauka ƙasa da lambar nauyi ko harafin gudun da kamfanin motar ya rubuta, ko da ba ka taɓa kusantar wannan gudun ba, domin harafin yana tafiya da ƙarfin ginin tayar da jure zafinta. Idan an rubuta XL a ta asali, wato mai ɗaukar ƙarin nauyi, XL za ka saya. Wasu kamfanoni suna sa a yi musu taya ta musamman: ta Porsche tana ɗauke da harafin N, ta BMW tauraro, ta Mercedes MO, ta Audi AO. A Porsche 911, mai injin a baya, ni ba na kauce wa mai alamar. Ƙara faɗi fiye da ƙima ba ya burge ni. Taya mai faɗi a kan siririn rim takan kumbura, sitiyari ya yi laushi. Idan za ka canza girma, kada tsayin tayar gaba ɗaya ya bambanta da na asali fiye da kusan kashi 3 cikin ɗari.

Babban zaɓin shi ne irin robar, kuma a nan mutane ke yaudarar kansu. Akwai tayoyin gudu na kan titi irin su Michelin Pilot Sport 4S, Continental ExtremeContact Sport da Pirelli P Zero: suna riƙe busasshiyar hanya, suna riƙe jiƙaƙƙiya, suna kuma ɗan daɗewa. Akwai na filin tsere da doka ta yarda a hau titi da su, irin su Michelin Pilot Sport Cup 2, Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052: zanensu kaɗan ne, robarsu mai laushi, sai sun ɗauki zafi suke nuna kansu, kuma a ruwa mai kwanciya ba abin dogaro ba ne. Lambar jure ci ta tsarin Amurka da ke gefen taya tana ba da haske, mai babbar lamba ta fi daɗewa: Pilot Sport 4S tana da 300, RE-71RS tana da 200. Sai dai kowane kamfani shi ke ba tayarsa lamba, don haka tsakanin kamfani da kamfani kada ka ɗauke ta a matsayin ma'auni tsayayye. Idan ba ka shiga filin tsere a kai a kai, rukunin farko ne naka. Na biyun kuɗi ne za ka goge a kan hanyar zuwa aiki, ga ƙara, ga tsoro ranar ruwa. Duka rukunan biyu kuma na yanayin ɗumi ne. Ƙasa da kusan digiri 7 robarsu tana taurara, riƙo ya ragu, don haka mai zama inda ake ƙanƙara yana buƙatar wani saitin tayoyi na hunturu.

Kafin a ɗaura, duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefen tayar. Idan ka ga 1424, an yi ta a mako na 14 na shekarar 2024. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, a cire ta idan ta kai goma, amma tayar gudu takan rasa riƙonta tun kafin nan. Idan biyu kawai za ka saya, su zama iri ɗaya a layi ɗaya, wato gaba biyu ko baya biyu, kuma sababbin su tafi baya. Mota mai jan ƙafa huɗu kuwa ba ta son bambancin zurfi mai yawa tsakanin tayoyinta, littafinta zai faɗa maka iyaka.

Wajen ɗaurawa ka tsaya ka gani. Mai kibiya a gefe, kibiyar ta kalli inda taya ke juyawa. Mai rubutun Outside, wannan gefen ya kalli waje. A ɗaure noti da sifana mai auna ƙarfi, a sake dubawa bayan kilomita 50 zuwa 100. Kilomita ɗari biyu ko uku na farko ka bi ta a hankali, sabuwar roba tana da ɗan santsi.

Juya tayoyi duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 yana raba cin daidai, idan motarka ta yarda. Da yawa ba sa yarda, saboda na baya sun fi na gaba faɗi. A irin wannan sai dai hagu da dama, shi ma idan tayar ba mai kibiya ba ce. In ta haɗa biyun, wato faɗi daban ga kuma kibiya, babu juyi sai an cire roba daga rim. Abin da ya rage maka shi ne geji sau ɗaya a wata, da sake auna zurfin ciki, tsakiya da waje bayan kilomita 2,000 zuwa 3,000 da yin alaimen. Idan ciki ya fara gudu ya bar waje tun a wannan awon, koma da motar kan injin tun da sauran roba a jiki.